Malamin Da Amurka Ta Kora, Sin Ta Karɓa: Mene Ne Darasinmu?

Ran 19 ga Disamba 2011, a wani kwari da ke tsakanin duwatsu a kudu maso yammacin ƙasar Sin, kusa da garin da a ke kira Shicang, aka kunna wata roka ta tashi da tauraron sadarwa na Nijeriya, har ya je ya sami mazauni kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa. Sunan tauraron NigComSat-1R. Shi ne ya maye gurbin na farko, wanda aka harba daga wannan fili a watan Mayu 2007, sa'an nan ya mutu a watan Nuwamba 2008 sabo da fikafikansa masu karɓar hasken rana sun lalace. Tauraro namu ne, babu gardama. Amma Sinawa suka ƙera shi, roka tasu ce, filin harbawa nasu ne.

To, a shekarar 1955 ƙasar Sin ba ta da roka ko ɗaya. Yawancin mutanenta manoma ne masu fartanya, da yawa cikinsu ba su iya karatu ba, kuma ba su daɗe da fitowa daga yaƙi ba. Yaya aka yi kafin a cika shekara sittin suka zama masu ɗaukar kayan wasu ƙasashe zuwa sama? In ka tambayi Basine zai ambata maka sunaye da yawa, amma na farko da zai fito daga bakinsa shi ne Qian Xuesen. A bakinsu sunan yana fita kamar Ciyan Shuwesan, mu kuwa a nan za mu kira shi Malam Ciyan, gama malami ne tun daga farko har ƙarshe. Mun kawo labarinsa yau musamman domin malaman makaranta da ma'aikatan ofis na ƙasar Tambuwal da Kebbe da sauran kudancin Jihar Sakkwato, don mun duba rayuwarsa mun ga duk inda ta juya, ko dai malamin makaranta ne ya juya ta, ko mai riƙe da takarda a ofis.

An haife shi ran 11 ga Disamba 1911. Asalin gidansu mutanen Hangzhou ne, uban kuwa ma'aikacin ilmi ne, aiki ya kai shi Bejin, a can yaron ya yi elementare da sakandare. Da ya tsufa ya zauna ya rubuta sunayen mutum 17 waɗanda suka fi tasiri a kansa. Akwai iyayensa a ciki, akwai shugabannin ƙasa, akwai babban malaminsa na Amurka. Amma bakwai daga cikin 17 ɗin malaman sakandarensa ne. Malamai, ku tsaya ku auna wannan. Mutumin da ya zauna da manyan masanan duniya, da ya zo lissafin waɗanda suka gina shi, kusan rabinsu masu alli da allo ne waɗanda suka koya masa yana saurayi.

Daga nan ya shiga Jami'ar Jiaotong ta Shanghai don ya koyi aikin injin jirgin ƙasa. A 1933 aka yi musu jarrabawa kan ilmin motsin ruwa. Ya amsa tambayoyi duka daidai. Da aka mayar masa da takardarsa ya duba, sai ya ga a wuri ɗaya ya mance da wani ɗan ƙaramin harafi da ya kamata ya bi wata alama. Shi da kansa ya nuna wa malami, aka rage masa huɗu, ya tashi da 96 maimakon 100. Malamin ya adana takardan nan shekara fiye da arba'in, daga baya ya ba jami'ar, har yau a na nuna wa ɗalibai ita. Wanda bai san aikin injiniya ba zai ce wannan tsanani ne. Amma harafi ɗaya a lissafin roka shi ne tsakanin ta tashi da ta fashe a kan masu harba ta.

Yana cikin karatun nan, a farkon 1932, jiragen saman Japan suka yi wa Shanghai ruwan bom, Sinawa ba su da abin da za su tare su da shi. Wannan yana cikin abin da ya sa ya juya daga jirgin ƙasa zuwa jirgin sama. Ya gama a 1934, ya ci jarrabawar neman kuɗin karatu a ƙasar waje. Kuɗin nan ma suna da tarihi. Bayan tawayen da aka yi wa baƙi a Sin a 1900, ƙasashen Turawa da Japan suka ɗora wa Sin diyya mai nauyi a 1901. Daga 1908 Amurka ta fara mayar da wani kashi na rabonta bisa sharaɗin a yi amfani da shi wajen karantar da samarin Sin. Ta hanyar jarrabawa a ke samun kuɗin, ba ta hanyar sanin wani ba. Da haka ya shiga jirgin ruwa a 1935.

Shekara ashirin a Amurka

Ya fara da babbar makarantar fasaha da a ke kira MIT, ya sami digiri na biyu a 1936. Sa'an nan ya ƙetare ƙasar zuwa Kalifoniya, makarantar Kaltek, wurin wani shehun malami mutumin Hangari mai suna Theodore von Karman, wanda a lokacin ba shi da na biyu a Amurka kan ilmin yadda iska ke bi ta jikin abin da ke tafiya a cikinta. A hannunsa ya sami digirin dakta a 1939. Matsalar da suka sa a gaba ita ce: in jirgi yana tafiya sannu, iska tana kauce masa kamar ruwa, amma in ya kusa gudun sauti, sai iska ta matse a gabansa ta canja hali, lissafin da aka saba ya daina aiki. Su biyu suka fitar da ƙa'idar gyara lissafin, har yau da sunayensu a ke kiranta a littattafan masu ƙera jiragen sama.

A Kaltek ɗin ya shiga cikin wasu samari ƙalilan, shugabansu Frank Malina, masu gwajin roka a wani busasshen rafi a bayan gari. Mutane na yi musu dariya, suna kiransu 'yan ƙunar bakin wake sabo da yawan fashewar abin da su ke haɗawa. Bambancin roka da jirgin sama kuwa shi ne, injin jirgi yana shaƙar iskar da ke kewaye da shi don ya ƙona mai, roka kuwa tana ɗauke da manta da kuma sinadarin da zai ƙona shi, tana feso wuta ta baya, feshin nan ya tura ta gaba. Don haka tana iya tafiya inda babu iska sam. In ta kai abu sama ta ba shi gudun kimanin kilomita 8 a kowane sakan, abin ba zai faɗo ba, sai ya yi ta kewaya duniya. Wannan shi ne tauraron ɗan Adam. Wasan samarin nan shi ya zama babban ɗakin binciken roka na Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Ciyan kuwa yana cikin waɗanda suka aza harsashinsa.

A 1945, da Jamus ta faɗi, sojan Amurka suka ba shi muƙamin kanar na wucin gadi, ya bi malaminsa zuwa can don su tambayi masanan Jamus. Shi ya yi wa Wernher von Braun tambayoyi, mutumin da ya ƙera rokokin da suka faɗa wa London. Sa'an nan shi da von Karman suka zauna gaban Ludwig Prandtl, wanda shi ne malamin von Karman. Malami, da almajirinsa, da almajirin almajirinsa, a ɗaki ɗaya. Mutanen ƙasar Sakkwato ba sa bukatar a fassara musu wannan, gama mun san salsalar malamai, mun san ilmi daga ƙirji zuwa ƙirji ya ke tafiya. A 1947 MIT ta naɗa shi cikakken farfesa yana da shekara 35, a shekaran nan kuma ya auri Jiang Ying, gwanar waƙa wadda ta yi karatu a Turai. A 1949 ya koma Kaltek a matsayin shugaban cibiyar binciken roka.

Abin da takarda ta yi

A 1949 'yan Kwaminis suka karɓi mulkin Sin, Amurka kuwa ta shiga zamanin zargi, kowa ana duba shi ta wutsiyar ido. A watan Yuni 1950 jami'an tsaro suka zo ofishinsa da wata tsohuwar takarda ta wajen 1938 mai ɗauke da sunayen da aka ce na 'yan jam'iyyar Kwaminis ne. Ya ce shi dai ya je gidan abokai hira da jin kiɗa, bai shiga jam'iyya ba. Aka janye masa izinin taɓa aikin asiri, watau aka raba shi da aikinsa. Ya ce to zai koma gida. Aka tsare akwatunansa a tashar jirgin ruwa, jaridu suka yi ta yayata cewa an kama asirai, har an ɗauki jadawalin lissafi irin wanda ɗalibai ke amfani da shi a matsayin rubutun ɓoye. A watan Satumba aka kulle shi mako biyu, sai da aka ajiye dala 15,000 aka ba da belinsa. Ba a taɓa gurfanar da shi gaban alƙali da laifin leƙen asiri ba.

Abin da ya biyo baya ya kamata kowane akawu ya karanta shi sau biyu. Hukuma ta yanke cewa a kore shi daga ƙasar don ba a yarda da shi ba. Hukuma kuma ta yanke cewa kada a bar shi ya fita don ya san abubuwa da yawa. Takardun nan biyu suka zauna tare shekara da shekaru, ba wanda ya ɗauki nauyin warware su, mutum yana tsakani, ana bin sawunsa, yana zuwa sa hannu a ofis kowane wata. Bai zauna banza ba. A cikin tsarewan nan ya rubuta littafi kan ilmin sarrafa injuna masu gyara tafiyarsu da kansu, aka buga shi a 1954. A 1955 ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa, matarsa ta sa ta cikin wasiƙar da ta aika wa 'yar'uwarta a Beljiyam, daga can ta isa Bejin, har hannun Firayim Minista Zhou Enlai. Aka kawo maganarsa a zaman da jakadun ƙasashen biyu suka yi a Janiba, a daidai lokacin da Sin ta saki sojojin saman Amurka 11. A watan Satumba ya shiga jirgin ruwa da matarsa da 'ya'yansa biyu, ran 8 ga Oktoba 1955 ya taka ƙasar Sin. Bai sake komawa Amurka ba. Dan Kimball, wanda ya riƙe muƙamin sakataren sojan ruwan Amurka, ya ce daga baya ƙasarsu ba ta taɓa yin wautar da ta fi wannan ba.

Ya koma gaban allo

A nan ne mutane su kan yi kuskure, su ɗauka ya iso da roka a aljihu. Bai zo da ita ba. Ran 8 ga Oktoba 1956 aka buɗe cibiyar binciken makamai masu linzami, aka ba shi shugabancinta. Ma'aikatansa samari ne fiye da ɗari waɗanda suka gama jami'a, kusan duka ba su taɓa ganin roka da ido ba. Farfesan da ya koyar a MIT da Kaltek ya ɗauki alli ya fara musu daga baƙi da wasali: mece ce roka, yaya ta ke tashi. A 1958 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sin, ya zama shugaban sashe, yana shiga aji da kansa. Da ya ga ɗalibai da yawa ba su da kuɗin sayen ma'aunin lissafi irin na injiniyoyi, ya ba da kuɗinsa aka saya musu.

Da fari Rasha ta taimaka da zane da masana, amma a tsakiyar 1960 ƙasashen biyu suka ɓata, Rashawa suka kwashe mutanensu. Ran 5 ga Nuwamba 1960 Sinawa suka harba rokarsu ta farko, kwaikwayon ta Rasha. A watan Maris 1962 suka gwada wadda suka zana da kansu, ta tashi ta faɗo kusa da inda aka harba ta. Malam Ciyan bai nemi wanda za a ɗora wa laifi ba. Ya sa aka tattara tarkace, aka bi dalilai ɗaya bayan ɗaya, aka kafa doka cewa duk abin da za a iya gwadawa a ƙasa sai an gwada shi kafin a kai shi sama. Shekara biyu aka yi a kan wannan.

A watan Yuni 1964 aka kai sabuwar rokar filin gwaji a hamadar Gobi. Zafi ya yi yawa, mai ya kumbura, tankuna suka kasa ɗaukar abin da aka ƙiyasta, lissafi ya nuna ba za ta kai inda a ke so ba. Manya suna ta neman yadda za a ƙara mai. Sai wani ƙaramin injiniya mai suna Wang Yongzhi ya ce a rage man da kilo 600, gama zafi ya ɓata daidaiton da ke tsakanin mai da sinadarin ƙona shi, ragowar man nauyi ne kurum da ba zai ƙone ba. Aka yi banza da shi. Ya yi ƙarfin hali ya ƙwanƙwasa ƙofar Malam Ciyan. Shi kuwa ya saurare shi, ya bi lissafin, ya ce a yi yadda yaron nan ya faɗa. Aka harba, ta sauka inda aka nufa. Mu kan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a al'amuran zaman duniya gaskiya ne. Amma a lissafi babu furfura. Wannan saurayi shi ya zama babban mai tsara shirin da ya kai Basine na farko sararin sama a watan Oktoba 2003.

Ran 24 ga Afrilu 1970 Sin ta harba tauraronta na farko, mai nauyin kilo 173, ta zama ƙasa ta biyar da ta yi haka da rokarta, bayan Rasha da Amurka da Faransa da Japan. Sunan rokar Doguwar Tafiya. Jikanyarta mai wannan suna ita ta ɗauki tauraron Nijeriya.

Inda ya yi tuntuɓe

Ba za mu ɓoye wa masu karatu sauran labarin ba. Da fari, rokokin da ya shugabanci ƙerawa makamai ne, a watan Oktoba 1966 aka gwada ɗaya ɗauke da bom na nukiliya. Ba wannan mu ke wa ƙasarmu fata ba. Na biyu ya fi ciwo. A 1958, sa'ad da shugabannin Sin suka ɗauki aniyar ninka amfanin gona cikin gaggawa, Malam Ciyan ya rubuta a jarida cewa bisa lissafin ƙarfin hasken rana da ke sauka a gona, ana iya samun amfani ninki ashirin na abin da a ke samu. A kan takarda lissafin ya tafi sumul. Amma shi ba manomi ba ne, bai san halin ƙasa da iri da ruwa ba. Duk wani tsoho mai noman gero a Kuchi ko Dogon Daji da ya gaya masa ba haka gona ta ke ba. A lokacin nan ma'aikatan gundumomi suna ta aika wa na sama da alƙaluman girbi na ƙarya, kowa yana ƙara a kan na maƙwabcinsa don a yabe shi. Gwamnati ta karɓi hatsi gwargwadon alƙaluman, rumbunan talakawa suka zama fayau. Daga 1959 zuwa 1961 yunwa ta kashe mutane miliyoyi, mafi ƙarancin ƙiyasi miliyan 15. Babban alhakin yana wuyan masu mulki, masana tarihi kuma suna gardama kan girman rabon rubutunsa a ciki. Amma sunansa ya ba ƙarya riga, kuma wannan tabo ne.

Ku duba, mutumin da ya ƙi yarda a bar masa maki huɗu a kan harafi ɗaya, shi ne ya yi wannan sa'ad da ya bar fagensa ya faɗi abin da manya ke son ji. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kakanninku a aiki, malaman haraji da na jangali na zamanin En'e, sun san cewa alƙalamin mai ƙidaya yana iya ɗaga ƙauye ko ya tashe shi. An rushe En'e, tun 1976 ƙananan hukumomi suka gaje ta, amma amanar ba ta canja ba. Wanda ya rubuta cewa makaranta tana da yara ɗari uku alhali sittin ke zuwa, ko ya rubuta malamin lissafi a inda babu shi, ya yi irin aikin ma'aikatan gundumomin Sin na 1958, ko da ƙaramin abu ya ke ganinsa.

Mu fa?

Mun san wani zai ce, ina ruwan mutumin Kebbe da roka, alhali bukatarsa ruwan sha ce da hanya da taki da kwana lafiya? Maganarsa tana da nauyi, ba ma kuwa cewa a gina filin harba roka a Jabo. Amma lissafin da ke kai roka sama shi ne ke auna ƙarfin gada, shi ke gaya wa mai haƙa rijiyar burtsatse girman famfon da hasken rana zai iya juyawa, shi ke raba ruwa a fadama. Hasashen damina da hukumar yanayi ke fitarwa kowace shekara, da taurarin ɗan Adam a ke taimakawa wajen yinsa. Ƙasar da ba ta da masu wannan lissafi kullum saye ta ke, in abin ya lalace kuma sai ta jira mai sayarwa.

Kada kuma wani ya ce irin wannan ilmi baƙo ne a gare mu. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillacen Katsina ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara lambobi a cikin murabba'i a 1732, masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Amma a Alƙahira ya rasu a 1741, bai komo ba, ilminsa ya zauna a can. Tambuwal kanta mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, malami kuma mawaƙi. Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye ƙauye don su koyar da mata. Maƙwabcinmu Alhaji Shehu Shagari, kafin siyasa, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato. A zamaninmu ma an kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama da gyaransa a Zariya tun 1964, an kafa hukumar binciken sararin sama ta ƙasa a 1999, kuma tauraron NigeriaSat-X da aka harba a 2011 injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila a lokacin da su ke koyon aikin. Ƙofofi suna nan. Tambayar ita ce, yara nawa daga ƙasar Tambuwal da Kebbe za su isa bakin ƙofar da lissafin da zai shigar da su?

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo. Malamai, ku riƙe lissafi da kimiyya a ƙananan azuzuwa da hannu biyu, gama ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku duba takardun yara da gaskiya, kada ku ba da makin da ba a ci ba, kada ku buɗe wa yaro amsa a ɗakin jarrabawa kuna zaton taimako ne. In yaro ko yarinya ta yi tambayar da ba ku san amsarta ba, ku ce za ku bincika, kada ku tsawata. Balan-balan da aka hura aka saki ta isa nuna yadda roka ke tafiya, ba sai an jira kayan aiki daga Sakkwato ba.

Ma'aikatan ofis, takardar neman kuɗin karatu da ke kan teburinku rayuwar mutum ce. Ku tura ta a kan lokaci, ku bi cancanta, kada ku duba ɗan wane ne. In takardu biyu sun yi karo a kan mutum ɗaya, ku kai gaban wanda zai warware, kada ku bar shi a rataye. Ku rubuta alƙaluman da idonku ya gani.

Shugabanni da masu hali, ba ya isa a tura yaro karatu Zariya ko Turai ko Sin sa'an nan a mance da shi. Abin da Sin ta ba Malam Ciyan ba albashi mai tsoka ba ne, gama na Amurka ya fi. Ta ba shi aikin da ya dace da ilminsa, da ɗalibai, da kunnen masu mulki. In ɗanmu ya komo da digirin injiniya muka zaunar da shi yana jiran fayil, kada mu yi mamaki in ya bi sawun Malam Muhammadu na Katsina. Ku kuma 'ya'yanmu da ke nesa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ko ba ku komo da zama ba, mako ɗaya a gaban allon tsohuwar makarantarku yana iya zama abin da wani yaro zai rubuta a cikin sunayensa 17.

A 2005 Firayim Minista Wen Jiabao ya je gaishe da Malam Ciyan yana kwance, tsufa ya kama shi. Tsohon bai yi maganar rokokinsa ba. Abin da ya dame shi shi ne me ya sa makarantun ƙasarsu ba sa fitar da haziƙai masu ƙirƙiro sabon abu. Har yau Sinawa suna muhawara a kan tambayar, suna kiranta da sunansa. Ya rasu a Bejin ran 31 ga Oktoba 2009 yana da shekara 97. In mai ƙasar da ta kai mutum sama yana wannan tambaya, mu mun fi shi bukatar yinta, kuma amsarta tana hannun waɗanda za su shiga aji da ofis gobe da safe. Allah ya ba su ikon riƙe amana.